Shawarwarin majalisa kan tsirran ƙara haihuwa

A majalisarmu ta garin Mai Wurno da ke Sudan, masana haɗa magani suka ce yawancin gwajin tsirran nan a kan ɓeraye aka yi shi. Habbatus sauda ta ƙara musu ƙwayoyin maniyyi a wasu gwaje-gwaje, 'ya'yan gwanda da darbejiya kuwa rage su suka yi. Don haka kada a auna wa mutum abin da aka ɗura wa ɓera.

Sun fi jan kunne kan ɗanyen man angurya, tunda gonakin auduga na yankin Jazira na kusa da mu: sinadarinsa na gosifol, da aka gwada a Sin a shekarun 1970, ya hana wasu maza haihuwa har abada. Wanda haihuwa ta yi wa jinkiri, ya fara zuwa asibiti a gwada maniyyinsa.