Malfa ko hular yadi mai faɗin baki? A ba ni shawara

Ɗan Kura: Salamu alaikum. Zan fara duba gonar tumatir a Kadawa, daga hantsi har la'asar ina cikin rana. Ina da sanƙo, kuma kunnuwana da ƙeyata ne suka fi ƙonewa. A babur nake zuwa. Malfar kaba zan saya ko ta yadi?

Na Birni: Ka sayi hana-sallah kawai, ta fi kyau a hoto.

Baba Manomi: Yaro, ya ce maka kunne da ƙeya. Hana-sallah goshi kaɗai take rufewa. Ɗana, nemi malfa mai baki kamar faɗin tafin hannu, ka ɗaga ta ka kalli rana ta ciki. In haske na ɓulɓulowa ta saƙar, ajiye ta. Kuma a sa mata igiyar haɓa, in ba haka ba iska ta raba ku kafin ka isa Kadawa.

Maman Biyu: Ni dai lema nake riƙewa.

Mai Albasa: Kada wanda ya ƙara yi mini zancen malfa. Bara na saya a tasha, an yi mata ado da jan fata, N4,000. Ranar farko gumi ya jiƙa ta, rinin ya zubo mini har gira, na shiga masallaci mutane suna tambaya wa ya fasa mini kai. Sati biyu bakin ya warware. Na koma wurin mutumin, wai shi bai taɓa ganina ba!

Na Birni: Dubu huɗu? A kasuwar Kurmi na ga ta N1,500.

Mai Albasa: Ka gani ko ka saya? Mutumin da bai san rana ba sai daga mota zuwa ofis.

Ɗan Fulani: Tamu ta kiwo shekara uku ke nan, ko gezau. Amma Ɗan Kura, sanƙo da malfa, saura sanda mu ba ka shanu.

Baba Manomi: Duk wannan da akwai inuwa ai da sauƙi. Darbejiyar da ke bakin hanyarmu an sare ta an yi gawayi.

Maman Biyu: Wallahi Baba, buhun gawayin ma yanzu ya gagari talaka. Ku nawa kuke saye a wajenku?

Ɗan Kura: Jama'a, ta yadin fa? Ba wanda ya taɓa sawa?