Me ya sa ruwan saman teku ba ya bin inda iska ta nufa?

Habiba:
Assalamu alaikum. Ina karatun labarin ƙasa, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai game da kwararar ruwan teku. Na yarda cewa iska ce take tura ruwan da ke saman teku, domin ko a tafki idan ta kaɗa ana ganin ganyaye sun taru a gefe guda. To amma taswirar da muke karatu da ita ta nuna cewa a gaɓar Muritaniya da Sanagal iska tana busowa daga arewa tana bin gefen gaɓa, ruwan saman teku kuwa sai ya yi yamma, ya nisanci ƙasa. Mene ne yake karkatar da shi?

Malam Idrisu:
Wa'alaikumus salam, Malama Habiba. Wannan tambayar taki ita ce ta dami Fridtjof Nansen, mutumin Norwe, lokacin da jirginsa Fram ya maƙale cikin ƙanƙarar tekun Arctic daga 1893 zuwa 1896. Ya lura cewa ƙanƙarar ba ta bin iska kai tsaye, kullum tana kaucewa dama da kimanin digiri 20 zuwa 40. Wani matashi ɗan Suwidin mai suna Walfrid Ekman ne ya warware lissafin, ya kuma wallafa shi a 1905.

Ki ɗauki ruwan teku kamar tabarmi da aka jibga, wata bisa wata. Tabarmar sama kawai iska take taɓawa, ita kuma ta ja ta ƙarƙashinta, wannan ta ja mai bi mata, ƙarfin yana raguwa gwargwadon zurfi. Da duniya a tsaye take, da duk sun bi iska. Amma da yake tana juyawa, duk abin da ya daɗe yana tafiya a kanta sai ya karkata dama a arewacin ikwaita (layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu), hagu a kudancinta, abin da aka laƙaba wa sunan Bafaranshen nan Coriolis. A lissafin Ekman tabarmar sama tana kaucewa da digiri 45, kowace ta ƙasa kuma tana ƙara kaucewa fiye da wadda ta jawo ta, har ƙarfin ya ƙare a zurfin da ba kasafai yake wuce mita 100 ba. Idan aka haɗa tafiyarsu duka, ruwan ya gitta wa iska ke nan da digiri 90. Saboda haka iskar da ta nufi kudu a gaɓar Muritaniya, damanta yamma ne, can ruwan yake tafiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ke biyo baya. Gurbin da ruwan ya bari ba ya zama fanko. Ruwa mai sanyi na can ƙasan teku ne yake tasowa ya cike shi, ɗauke da sinadaran da suke zame wa ƙananan tsirran teku taki. Tsirran su yawaita, kifi ya biyo su. Arzikin kifin Muritaniya da Sanagal da Namibiya da Peru duk daga nan yake.

Alhaji Garba:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ni sana'ar kifi nake yi a Takoradi da ke gaɓar Gana, kuma kowace shekara daga Yuli zuwa Satumba teku takan yi sanyi, a lokacin ne kuma kwale-kwale suke dawowa maƙil da ƙananan kifin da ake kyafewa a kai arewa. Ko wannan shi ne abin da kake bayani?

Malam Idrisu:
Ranka ya daɗe, tasowar ruwan ƙasa ce kake gani, babu shakka, sai dai na Gana yana da nasa sirrin. Iskar gaɓar nan ba ta da ƙarfi sosai, ba ta kuma canzawa ƙwarai tsakanin wata da wata, don haka ita kaɗai ba ta isa ta kawo wannan sanyin ba. Masana da dama suna ganin cewa iskar da ke ƙaruwa can yammacin Atlantika, wajen Barazil, tana tayar da wani motsi a ƙarƙashin ruwa wanda yake bin layin ikwaita zuwa gabas, ya biyo gaɓa, ya ɗago ruwan sanyi kusa da sama.

Habiba:
Na gode ƙwarai, Malam. Saura abu ɗaya: me ya sa ban taɓa ganin wannan karkata a tafki ba?

Malam Idrisu:
Domin ƙarfin juyawar duniya kaɗan ne, sai ruwa ya yi sa'o'i da yawa yana tafiya a fili mai faɗin kilomitoci kafin karkatar ta bayyana. Ruwan tafki yana cin karo da baki tun kafin ta fara aiki, shi ya sa ganyayenki suke taruwa daidai inda iska ta kora su.