Bindigar da aka buga wa sunan kanti, wa ya ƙera ta?

Baban Hafsat, Kolumbus: Salamu alaikum 'yan uwa. Wani dattijo maƙwabcina zai koma wajen 'yarsa, ya bar mini tsohuwar bindigarsa ta harbin tsuntsaye, mun kammala takardu ta hannun dillali mai lasisi. A jikinta an rubuta J.C. Higgins Model 20, sai wata lamba da ta fara da 583 da ɗigo. Ina son canza katakon gindin da ya tsage, na yi neman duniya ban ga kamfani mai wannan suna ba. Akwai wanda ya taɓa shiga wannan?

Na Malam, Indiyana: Wa alaikumus salam. Ai ba za ka same shi ba, Baban Hafsat, domin babu masana'anta mai wannan suna. Kantin Sears na nan Amurka ne ya riƙa buga shi a kayan wasanni da na farauta tun 1908, sunan wani ma'aikacinsu ne John Higgins, aka ƙara masa "C" don ya yi daɗin faɗa. Su kan ba kamfanonin bindiga kwangila, a ƙera a buga musu suna. Sirrin yana cikin lambobi ukun da ke kafin ɗigon: 101 Savage da Stevens ne, 103 Marlin, 273 Winchester. Taka 583, kuma Model 20 aikin High Standard ne na jihar Konetikat. Da wannan sunan za ka nemi katakon.

Dogo mai tirela: Ni kuskurena daban ne. Na sayi Western Field a shagon jingina a Misuri, na ɗauka duk wata Western Field Mossberg ce, don wani abokin tuƙi yana da M550 kuma tasa Mossberg 500 ce sak. Na yi odar allurar da ke bugun harsashi, ta zo, ko kusa ba ta shiga ba. Sai da na kai wa wani tsohon mai gyaran bindiga. Ko lambar bai karanta ba, ya kalli ƙusumbin bayanta ya ce Stevens 520 ce, zanen John Browning. Sannan ya nuna mini harufan SB a farkon lambar. Kantin Montgomery Ward, masu sunan Western Field, sun sayi kaya a hannun kamfanoni da dama, suna ɗaya, iyaye daban-daban. Kuɗin allura ya tafi, ladan mai gyara ya bi bayansa.

Maman Sadiq, Minesota: Ina biye da ku. Surukina marigayi, baban mijin ƙanwata, ya bar Ted Williams Model 100. Yaran gidan sun yi ta murna wai bindigar shahararren ɗan wasan ƙwallon baseball ɗin nan ce na Boston Red Sox da kansa. Ashe Sears ne suka ɗauko sunansa a farkon shekarun 1960 ya maye gurbin Higgins. Winchester 94 ce da aka sauya wa riga. Abin da ya ba ni haushi, da muka kai a yi mata kuɗi, an taya ta ƙasa da wadda ke ɗauke da sunan Winchester, alhali ƙarfe ɗaya ne.

Na Malam: Haka kasuwar take, Hajiya, masu tarawa suna ne suke saye. Mafarauci kuwa riba ya ci.

Alhaji na Biranks: Ku yaran nan naku mai sauƙi ne, akwai lamba. Ni mai baki biyu na gani a gwanjon kayan gida a Fensilbaniya, da sunan wani kantin kayan ƙarfe da ya mutu tun ba a haife ni ba. Irin waɗannan mafi yawa ko dai Crescent ta garin Norwich ce ta ƙera su wa dillalan H&D Folsom na Niyok, waɗanda a da suke buga maka duk sunan da kake so in ka sayi da yawa, ko kuma daga Beljiyam aka shigo da su. Na cire bututun na duba ƙarƙashinsa, sai ga ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, hatimin gidan gwajin bindiga na Liege a Beljiyam. Bututun kuma mai zane ne kamar an murɗa igiya, na zamanin baƙin albarushi. Mai gyara ya ce kada a kuskura a sa mata harsashin yanzu. Tana rataye a bango.

Dogo mai tirela: Alhaji, tawa ba ta da lambar siriyal sam, wato lambar da ke bambanta kowace bindiga da 'yar uwarta. Matsala ce?

Alhaji na Biranks: In dai ba goge ta aka yi ba, a'a. Kafin dokar bindigogi ta Amurka ta 1968 bindigogi masu araha da yawa haka suke fitowa. Dokar ce kuma ta hana aika wa mutum bindiga kai tsaye ta gidan waya.

Baban Hafsat: Allah ya saka da alheri. Na duba jadawalin Numrich, masu sayar da kayan gyaran bindiga, High Standard ɗin ce, katakon ma yana nan. Amma sai mai gyara ya duba ta ranar Asabar kafin in biya.