Musayar Waƙa: Lema, Tsintsiya da Tukunyar Gida

Baban Yara, Kurna:
Salamu alaikum 'yan uwa. Abin ya ishe ni, shi ya sa na zuba shi a waƙa. Mai amsa ya amsa.

Na bi layi tun da asuba,
Ko koko ban kurɓa ba.

Na dangwala wa mai tsintsiya,
Ya ce canji, ban musa ba.

Kafin shi na bi masu lema,
Sha shida cur, ban gaza ba.

Lemar ba ta tare min ruwa,
Tsintsiyar ba ta share ba.

Ran rantsuwa aka ce tallafi
Ya tafi, ba a ji ta tamu ba.

Litar da ba ta kai ɗari biyu,
Ta haura dubu, ba ta tsaya ba.

Albashi an ce dubu saba'in,
Ko buhun shinkafa bai kai ba.

Uwargida ta miƙo min kwano,
Na sunkuyar da kai, ban tanka ba.

Yaro ya dawo da jakar boko,
An koro shi, ban biya ba.

Tun 29 ga Mayun 2023 ban sake cika tankin babur ɗina ba, Allah ne shaida.

Jar Hula, Fagge:
Allah ya ƙara basira Baban Yara, waƙa ta yi. Sai dai kai ka zaɓi rana, ka bar inuwar Madugu Kwankwaso.

Baban Yara ka yi kure,
Ka bi tsintsiya har ka ƙare,
Da ka sa ja da tuni ka more,
Madugu ne gatan talaka.

Wa ya tura ɗanmu ƙasar waje,
Ya dawo likita ya baje?
Gadar Ƙofar Nasarawa ka je,
Ka gani da idonka, ɗan talaka.

Mai Tsintsiya:
Ana maganar yunwa ka kawo mana gada. To karɓi.

Jar hula ai ba ta dafuwa,
Ko ka jiƙa ta ba ta tuƙuwa,
Kun hau mulki kun hau rusawa,
Filin Idi yana nan shaida.

Mai shago ya kwanta da jari,
Ya farka babu ko da ɗari,
Sannan ka zo kana mana kuri,
Wai ku ne kaɗai gatan kowane gida.

Jar Hula, Fagge:
Wa ya yanka filin sallar Idi ya sayar tun farko? Amsa wannan tukuna.

Ɗalibin Aruli:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ba ruwana da hula ko tsintsiya. Mai Tsintsiya, ɗangonka na ƙarshe ya ɗara na farkon baitin da gaɓa 3, mai rerawa sai ya yi tuntuɓe. Kai kuma Jar Hula, ka rufe baiti biyu a jere da "talaka". Malaman aruli, wato ilimin awon waƙa, suna lissafa maimaita kalmar ƙafiya kusa da kusa cikin aibobin waƙa. Amsa-amon "ka" fa a yalwace yake: daka, shuka, haka, taka.

Mai Tsintsiya:
Malam, kari ba ƙirgen gaɓa ba ne kamar ana awon gero. Nauyin gaɓa ake dubawa, mai nauyi da marar nauyi. In na rera maka shi da bakina zai zauna daram.

Ɗalibin Aruli:
Na yarda nauyi ake dubawa, to auna mana naka. A kan wane kari ka ɗora shi? Mutaƙarab fa'ulun ne sau huɗu a ɗango, naka bai hau ba. Bai hau Ramal ba, bai hau Kamil ba. Halilu ɗan Ahmad ya fitar da karuruwa 15 a Basra, aka ƙara ɗaya bayansa, zaɓi wanda kake so a ciki.

Mai Tsintsiya:
Makaɗan fada da na noma da suka cika ƙasar Hausa da waƙa, a Basra suka yi karatu? Kalangu ne ma'auninsu.

Ɗalibin Aruli:
Wannan waƙar baka ce, kiɗa ke rufa mata asiri. Kai rubutawa ka yi, babu kalangu a nan.

Jar Hula, Fagge:
Gaskiyarka Malam! Waƙarsu ma a karye take kamar alƙawarinsu.

Ɗalibin Aruli:
Kada ka raɓe da ni, kai ma ba ka gyara taka ba.

Maman Hanifa:
Sannunku da ƙoƙari. Baban Yara, ka ce ka sunkuyar da kai da aka miƙo kwano. To ga abin da mai miƙo kwanon take ji, tun da ba a tambaye ta ba.

Kun cika zaure da musun kari,
Mu muna ɗaka babu abinci.

Gas ya gagara mun koma gawayi,
Gawayin ma sai da ƙunci.

Ran zaɓe an ba mu taliya,
Da sabulu, wai shi ne mutunci.

Taliyar ta ƙare a daren nan,
Shekara huɗu muna haɗiyar ɗaci.

Lokacin canjin kuɗi na tuna,
Awarata ta kwana ba mai ci.

Kuɗi na banki, hannu wayam,
Mai POS ke yanke hukunci.

Adashin da na kwasa bara,
Ya tafi haya, babu sassauci.

Maigida ya tafi taron jam'iyya,
Ya dawo da hula da takaici.

In na ce ina na cefane,
Ya ce mata ba ku da juriyar lokaci.

Mu muka fi ku tsawon layi ranar zaɓe, da goyo a bayanmu. Kowa ya sani.

Jar Hula, Fagge:
Kai! Allah ya biya ki Hajiya, wannan ita ce waƙa. Amma a faɗi gaskiya, taliyar nan ta 'yan tsintsiya ce.

Mai Tsintsiya:
Ku atamfa da turare kuka raba, mun gani.

Maman Hanifa:
A lungunmu kowa ya raba, babu wanda ya zo hannu rabbana. Kuma babu wanda ya sake leƙo mu.

Ɗalibin Aruli:
Maman Hanifa, "ci" ɗinki ya zauna tun daga fari har ƙarshe, ba ki maimaita kalma ba. Ɗangon ƙarshe ne kawai ya yi tsawo.

Maman Hanifa:
Haka ya faɗe ta, haka na rubuta, Malam. Ba zan rage masa ba.

Baba Ɗan Sawaba:
'Ya'yana, sai yau jikana ya karanta min abin da kuka yi. Ni ba gwanin waƙa ba ne, amma ga tawa.

Ku bar ni ni ma in ce tawa,
Na ga jiya, yau ma na gan ta.

Zamanin Malam na Gwammaja,
Mu ke tara wa jam'iyya mu ba ta.

Da kwabonmu muke yankar kati,
Ba mai ba mu atamfa mu ɗinka ta.

An ɗaure mu, an yi mana bulala,
Ba mu sai da ƙuri'a don a huta.

Da Rimi ya hau kujerar Kano,
Ya soke haraji, talaka ya sarara ta.

Ya soke jangali, Fulani
Suka kwana da nagge ba a ƙirga ta.

Amma mu ma ba mu tsira ba,
Santsi da Taɓo suka raba ta.

An kafa NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano, a 1950, sai 1979 muka ga gwamnati a Kano da Kaduna ƙarƙashin PRP, wadda daga baya ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo. Dubi tsawon jiran. Ku kuma kuna son mai raba taliya ya ji tsoronku.

Jar Hula, Fagge:
Allah ya ja kwana Baba. Ai jar hular nan gadon Malam Aminu ce, mu ne magadansa.

Baba Ɗan Sawaba:
Yaro, Malam ya rasu a 1983 bai bar dukiya ba. Ka je Mumbayya ka ga gidan. In ka gaji wannan, ka gaji hular.

Mai Tsintsiya:
Baba ya gama magana!

Baba Ɗan Sawaba:
Da kai ma nake.

Baban Yara, Kurna:
Ku gafarce ni, kwana da kwanaki babu wuta, sai yau na kai waya wurin mai caji. Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Maman Hanifa, na karanta wa uwargida taki, ta ce a gaishe ki, ta ce kin rage ma ba ki faɗi kuɗin nika da na ruwan 'yan garuwa ba. Saura ku biyun nan da iyayen gidanku, Kwankwaso da Ganduje.

Jar Hula da Mai Tsintsiya,
Ku matso, ni ban manta ba.

Gwamna ne da mataimakinsa,
Sau biyu, ba su raba akushi ba.

Madugu ya bar lema ya ɗau tsintsiya,
Ya koma lema, bai daɗe ba.

Ya sake sheƙa ya ɗau kwando,
Ba wanda ya ce bai kyauta ba.

Su suna haɗuwa a ɗaurin aure,
Ba ka ga sun ƙi musabaha ba.

A layinmu maƙwabta biyu,
Shekara guda ba su gaisa ba.

An yi suna a gidan ɗaya,
Matar ɗayan ba ta leƙa ba.

Wa ya yi musu iyaka da juna?
Mutanen da ba su san sunansu ba.

Ɗalibin Aruli:
Baiti na uku ɗangon farko ya yi nauyi, cire "ya ɗau".

Mai Tsintsiya:
Malam, don Allah ka ƙyale mu haka. Baban Yara, ina da amsarka, sai bayan isha'i.

Maman Hanifa:
Kafin isha'in, a cikinku wa ya san inda kansilan mazaɓarsa yake zaune yanzu? Famfon unguwarmu ya mutu tun kafin azumi, mata sun haɗa kuɗin gyara bai kai ba, muna neman wanda zai raka mu wurinsa.