Rawar garba a Baroda, in je ko in haƙura?

'Yar Fagge:
Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Wata biyu kenan da zuwana Vadodara (wato Baroda, a jihar Gujarat ta Indiya) karatun famasi, 'yar ɗakinmu 'yar Gujarat ce kuma wallahi yarinyar kirki, ranar da zazzaɓi ya kayar da ni ita ta kai ni asibiti ta kwana a kaina. To yanzu Navratri, bikin 'yan Hindu na dare tara, ya zo ta dage sai na bi ta wajen rawar garba ko dare ɗaya ne cikin taran, har kayan yayarta za ta ara min. Ni kallo kawai nake so ba rawa ba. Ana barin mutum ya shiga da hijabi ya zauna gefe? Kuma nawa ake biya?

Abban Hanif:
Hayar chaniya choli, wato kayan da mata ke sawa a garba, rupi 500 ce dare ɗaya, kar ki bari su cuce ki.

Maman Ilham:
500 a ina? Bara 1,500 na biya, ban da kuɗin ajiya. Kuma ai ta ce aro za a ba ta. Ƙanwata ni na je sau biyu da mayafina, na unguwa kyauta ne, manyan filaye ne ake sayen fas kuma na maza ya fi tsada. Abin da ban manta ba shi ne ƙarar ganga, dhol suke ce mata, a ƙirji kike jin ta. Dubban mutane ba takalmi suna zagayawa suna tafi lokaci ɗaya, tsohuwa da jikarta a layi guda, madubban jikin siket ɗinsu na walƙiya, kiɗan yana farawa a hankali sai ya yi ta ƙara sauri har ƙura ta tashi.

Sadauki:
Shekara da shekaru muna kallon rawar sanduna a fim a Kano, yau ga ki ga ta kina tambaya 😂 ki ɗauko mana bidiyo.

Malam Na Pune:
Ba wasa ba ne fa. Fitilar da ke cikin tukunyar ƙasa a tsakiya da hoton abar bautarsu Amba, su ake zagayawa, kuma da aarti, wato waƙar yabon abin bauta ana juya fitila, ake buɗewa, bauta ce a wajensu. Ki ba ta haƙuri cikin mutunci.

Maman Ilham:
Malam kai ka taɓa zuwa? Ni bayan aarti nake shiga, kuma ban zagaya komai ba.

Malam Na Pune:
Sai na je kafin in san hukunci? Ta tambayi malami, ta kuma tambayi mahaifinta.

Ɗan Gwammaja:
Ni ku bar zancen hukunci, ku ji nawa. Mu uku muka je, mun sayi fas rupi 2,000 kowa, muka bi layi kusan awa guda, da muka iso ƙofa wasu samari suka ce mu nuna katin shaida, suna ganin Muhammad a nawa sai suka ce sai an ɗiga min jan abin nan a goshi kafin in wuce. Na ce a'a. Aka fara taruwa, wani na ɗaukarmu a waya, wani na kiran kalu kalu, wato baƙi, abokin ajinmu da ya gayyace mu ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, wannan shirun nasa ya fi komai yi min ciwo don tare muke cin abinci kullum. Kuɗin ma ba a dawo mana da shi ba, mai adaidaita kuma ya ninka mana kuɗi saboda dare. Har na gama ban sake yi masa magana ba.

Sadauki:
Subhanallah. Amma 2,000? Abokina 800 ya ce min.

Ɗan Gwammaja:
To ka je da abokin naka.

Ummu Sultan:
Wannan kiran kalu ɗin ni shi ya ishe ni, ko a kasuwa. Gida uku aka hana mu haya da an ga fuskarmu, na huɗun ya ce sai mun ba da ajiyar wata shida.

Abban Hanif:
Ajiyar ma in an ba ka gidan, karɓo ta ranar tashi shi ne aiki. Tawa har yau tana hannun mai gida, ya ce wai fenti.

'Yar Fagge:
Na gode duka, Allah Ya huci zuciyarka Yaya Ɗan Gwammaja. Amma har yanzu ban san me zan ce mata ba, jibi ne fa. Anti Maman Ilham na wace unguwa kika je?

Ummu Sultan:
Abban Hanif kun yi yarjejeniya a rubuce kuwa? Don mu dillalin cewa ya yi ba sai an yi ba.