Don Allah ku warware min: yaushe ake cewa "I sell", yaushe ake cewa "I am selling"?

Mai Kabeji Farin Gada:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan kasuwa ne a Farin Gada nan Jos, kabeji da karas da dankalin turawa nake lodawa zuwa Abuja da Fatakwal. Boko a aji huɗu na firamare na tsaya. Yanzu galibin masu sayen kaya ta WhatsApp suke magana, da yawansu kuma ba sa jin Hausa, shi ya sa na shiga ajin manya bayan isha'i. To ga inda kaina ya ɗaure. Malam ya rubuta "I sell cabbage" a allo, ya sake rubuta "I am selling cabbage", ya ce ba ɗaya ba ne. Ni kuwa duk "ina sayar da kabeji" nake ji. Sannan akwai wata "s" da ake maƙalawa a "he sells", amma "they sell" babu, alhali su ne masu yawa. Ajin cike yake da samari, da furfurata ina jin nauyin ɗaga hannu kullum.

Malamar Firamare, Bukuru:
Wa alaikumus salam Baba. Ba kanka ne ya ɗaure ba, "ina" ɗinmu ce ke aikin mutum biyu. Bahaushe zai ce "ina sayar da kabeji" yana nufin sana'arsa ke nan, zai kuma faɗa yana tsaye kan buhu ana ciniki. Bature ya raba su gida biyu.

Ka ɗauka wani ya kira ka da daddare kana kwance a gida, ya ce "What do you sell?" Amsar ita ce "I sell cabbage and carrots", don ko kana barci sana'arka ce. In ka ce "I am selling", zai ɗauka a wannan daren kana rumfa. Gwajin da nake ba ɗalibaina shi ne: in maganar ta karɓi "nakan" ko "kullum", ta farko ce. Mukan yi lodi duk Litinin, "We load every Monday". In kuwa ta karɓi "yanzu haka", ta biyu ce. Yanzu haka muna lodi, "We are loading now".

Sai dai akwai tarko, Baba, kuma har masu digiri na faɗawa. Wasu kalmomi ba sa son "ing" ko da yanzu abin ke faruwa: know, want, need, like, understand. Ina son buhu biyar, "I want five bags". Ina da buhu goma, "I have ten bags", ba "I am having ten bags" ba, ko da kana jin ana faɗin haka a rediyo.

Ita "s" ba ta yawa ba ce. Ta mutum ɗaya ce wanda ba kai ba, ba kuma wanda kake magana da shi ba: he, she, it. In tambaya ta shigo, "does" ke karɓe ta: "Does he sell carrots?"

Ɗan Keke Bauchi Road:
Alhaji kada ka wahalar da kanka. Tun daga Taminus har Rikkos da "I dey come" nake cin abinci, ba fasinjan da ya taɓa sauka don ban sa "s" ba. Mutanen Fatakwal ma ai broka ce abincinsu. Kuma in ana maganar daidai, mu nan mutum zai ce maka "I am coming" yana mai ba ka baya yana tafiya, kowa ya gane "ina zuwa" yake nufi. Kai dai kaya su yi kyau, farashi ya yi daidai.

Tsohon Akawu:
Yaro, a baki na yarda da kai, broka harshe ce mai zaman kanta kuma tana biyan buƙata. Amma shi Alhaji rubutu yake yi, rubutu kuwa yana zama a waya ana sake karantawa. Mai sayen kayan otal a Abuja in ya ga "the lorry leaves at six", ya san tsarin tafiyar motar ke nan. In ya ga "the lorry is leaving", ya san direba ya tayar da inji ko yana gab da tayarwa. Kabeji ba ya jira, bambancin nan kuɗi ne.

Malama ta yi bayani mai kyau, abu ɗaya zan ƙara don nan gaba malaminka zai kawo shi. In za ka ce shekara goma sha biyar kana sana'ar, ba a cewa "I am selling for fifteen years". Ana cewa "I have been selling for fifteen years". In shekarar farawa za ka ambata, "since" ake sawa, misali "since 2010". Amma kar ka taɓa wannan tukuna, sai biyun farko sun zauna. Guda ɗaya kawai ka haddace don za ka buƙace ta gobe: kaya sun iso, "The goods have arrived".

Mai Kabeji Farin Gada:
Allah Ya saka da alheri. Bari in gwada. "I buy potatoes from Bokkos every week." "My son is counting the bags now." "The driver don't like night journey." Malama a duba min.

Malamar Firamare, Bukuru:
Masha Allah Baba, biyun farko ba gyara. Ta ukun, direba mutum ɗaya ne, "he" ke nan, don haka "doesn't like night journeys". Gobe in Allah Ya kai mu ka turo uku a kan mai shayin bakin rumfarku, biyu abin da yakan yi, ɗaya abin da ka same shi yana yi.