Shin horon tattara hankali yana rage wa ma'aikatan jinya damuwar aiki?

Sista ta ɗakin haihuwa: Assalamu alaikum. An sanar da mu cewa za a fara ba mu horon tattara hankali a asibitinmu domin rage damuwar aiki. Ina roƙon waɗanda suka san abin su bayyana mini yadda ake yin sa, kuma ko wadda ta fito daga aikin kwana za ta iya jure masa.

Malamin makarantar jinya: Wa alaikumus salam, Sista. Tsarin da aka fi sani shi ne MBSR, wato shirin rage damuwa ta hanyar tattara hankali, wanda wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, tun asali domin masu fama da ciwo mai daɗewa. Mako 8 ake yi, ana zama sau ɗaya a mako na kimanin awa biyu da rabi, sannan mutum ya maimaita a gida na minti 45 kullum. Ana koyon bin numfashi da hankali, da bibiyar gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya daga yatsun ƙafa har zuwa kai, yadda za ki ankara da ɗaurewar kafaɗunki da saurin bugun zuciyarki tun kafin ki ɗaga wa majinyaci murya. Bincike ya nuna yana rage damuwa daidai gwargwado, ga wanda ya dage.

Hajiya mai ritaya: 'Yata, ban raina maganar Malam ba, amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matsananciyar gajiya da sarewar gwiwa da ke kama ma'aikata a matsayin abin da yanayin aiki ke haifarwa. Idan nas ɗaya ce ke riƙe da ɗaki guda cur saboda abokan aikinta sun tafi Ingila ko Saudiyya, numfashi ba zai ƙaro mata hannu ba. Ku karɓi horon, amma ku nemi a sanya shi cikin lokacin aiki, kada a cinye muku ranar hutu.

Nas a sashen gaggawa: Abin da ya fara sa ni ɗari-ɗari shi ne jin cewa tushensa daga addinin Buddha yake, sai dai wanda ake koyarwa a asibiti babu bauta a cikinsa. Minti 45 kuwa ya fi ƙarfin mai aikin kwana, Sista. Ki tambayi masu shirya horon ko suna da gajeren tsari, na mintuna kaɗan kafin karɓar aiki.